Tulunan Inna Yelwa

Ranar Asabar da hantsi aka kawo ƙarar caji ofis ɗin Gusau, kuma mai ƙarar bai bar wa 'yan sanda wahala ba, da ɓarawonsa ya zo a hannu. Alhaji Attahiru ne, tsohon babban akawun wani kamfanin auduga, riƙe da wuyan rigar direbansa Labbo, yana jansa kamar ragon da ya ƙi zuwa kasuwa.

Sufeto Shu'aibu yana shan shayi a ofishinsa ya ji hayaniyar. Bazazzagi ne, mai sanyin magana, kuma babu abin da ya tsana irin a nuna masa mai laifi tun bai buɗe baki ya yi tambaya ba. Da ya fito ya tambayi abin da aka sace, Alhaji ya ce tuluna. Saje Bala da ke bayan kanta ya sunkuyar da kai yana danne dariya, don a saninsa duk kasuwar da ka shiga za ka tarar da tuluna jibge, har akuya na hawa kansu.

Alhaji ya ga dariyar, ya kuwa harzuƙa.

"Guda shida na, ginin Inna Yelwa ta Rawayya. Ta rasu, babu mai sake gina irinsu har a tashi duniya. Wallahi sai wanga macuci ya ruɓe gidan yari."

Labbo dai rantsuwa kawai yake yi, gumi na bin gemunsa. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya huɗu a Tudun Wada, kuma ya san direban da aka ɗaure kan sata, ko ya fito, ba mai sake miƙa masa makullin mota. Aka tura shi sel. Kafin azahar Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya kira Sufeto ya ce masa Alhaji Attahiru ba mutumin da ake ja wa rai ba ne, ranar Litinin a kai direban kotu a gama.

Sufeto ya ce to, ya ɗauki hularsa ya nufi gidan Alhaji.

Ɗakin da aka yi satar yana gefen zaure na biyu, kuma da aka buɗe shi Saje Bala ya daina dariya. Kantoci ne na katako tun daga ƙasa har rufi, an jera kuloli da shantula da tuluna, kowanne an goge shi fes. A gefe guda ga butocin tangaran masu zanen fure, waɗanda Alhaji ya saya a gwanjon Turawa masu barin gari. A wajen wani Baturen manaja ya kamu da wannan ciwo tun yana ƙaramin akawu, kuma tun da aka yi bikin al'adu a Legas bara, baƙi suka fara zuwa har gida kallo, abin ya ƙara hau masa kai. Mutanen unguwa suna cewa Alhaji ya fi sanin shekarun tulunansa a kan na jikokinsa.

Ɓarawon bai taɓa tangaran ba. Bai taɓa rediyo ba, bai taɓa agogon bango ba. Kanta ɗaya ce a tsakiya ta zama wayam.

Abin da Alhaji bai faɗa a caji ofis ba, don bakinsa ya ƙi ɗauka, yana kan kujerarsa. Wuyoyin tulunan ne guda shida, an cire su daga jikinsu, an jera su a kan matashin da yake zama.

Sufeto ya ɗauki ɗaya ya kai shi bakin taga. Baƙi ne wuluk, yana ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa masa gishiri, da zanen da aka dangwala da ɗan yatsa kewaye da baki. Ba fasa shi aka yi da fushi ba. An fara zagaye shi da tsinin ƙusa, sannan aka bi layin da ƙwanƙwasa a hankali har ya rabu. A ƙasa babu tsingaro ko ɗaya, sai ɗan garin yumɓu da tsintsiya ta bari a lungu.

Nan kansa ya ɗaure. Mai sata don ya sayar ba ya fille wa hajarsa kai. Mai ɓarna don haushi kuma ba ya share ɗaki ya tafi da ɓarnar.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da Labbo. Shi ka sharar ɗakin."

"Jiya kana ina?"

Alhaji ya ce tun da safe abokinsa ya ɗauke su shi da Hajiya zuwa Sakkwato ta'aziyya, can suka kwana, ya bar Labbo da mota a gida. Ban da shi ba kowa sai mai aikatau.

Aka kira ta. Sunanta Huseina, mace ce da ta kai arba'in, siririya, mai jijiyoyi a hannu. Tun kaka ta fara zuwa gidan tana daka da wanke-wanke. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce ita mutuniyar Wanke ce, mijinta ya rasu.

"Jiya me kika gani?"

"Ina daka cikin gida, ranka ya daɗe. Dab da a tahi Juma'a nig ga Labbo ya shiga ɗakin da buhu. Daga nan nij ji tashin mota."

"Kin tabbata lokacin ne?"

"Awo. Ladan na kira."

Ba ta ɗaga ido ta dubi Sufeto ba ko sau ɗaya. Amma kafin ya bar gidan ya lura sau biyu tana kawo wa Alhaji ruwan sha ba wanda ya aike ta, kuma kowane zuwa sai ta ɗan tsaya tana kallonsa, yana zaune a ƙasa da wuyan tulu a cinya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sufeto ya ɗauka tausayi ne, bai dai ajiye abin nesa ba.

A sel, Labbo ya ce masallaci ya je, daga masallaci sai gida, kuma makulli bai bar aljihunsa ba. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya duba motar Alhaji, farar Fijo, ya sami gashin kaji a but da warin daddawa a kujerar baya.

"Yanzu da kaji ake zuwa Juma'a a Gusau?"

Labbo ya dubi bango ya ce bai san komai ba. Tsoron Alhaji ya fi ƙarfin tsoron alƙali a zuciyarsa, abin da ya ba Sufeto haushi ke nan, don ga shi yana neman hanyar fitar da mutum, mutumin yana toshe ta da hannunsa.

'Yan kamasho ba sa mantuwa da motar da ta ci musu lodi. A tashar Gusau suka ce farar Fijo ta kwashi fasinjan Tsafe tun da sassafe, ba ta bi layi ba, kuma suna nan suna jiran direban. Ranar Lahadi da safe Sufeto ya shiga Landiroba sai Tsafe. Can ya sami mai faci a bakin titi, wanda ya ce tayoyi biyu motar ta fasa, tun hantsi take rumfarsa har la'asar, don sai da aka aika neman tif. Shi da direban sahu ɗaya suka yi sallar Juma'a, kuma har yanzu takalmin direban da ya tsinke yana nan a ƙarƙashin benci.

Ke nan lokacin da ladan ke kira a Gusau, Labbo yana Tsafe yana gadin taya.

Da aka ajiye masa takalmin a gabansa, Labbo ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ya ce e, kabu-kabu ya je yi, duk ranar da Alhaji ya yi tafiya haka yake yi. Makulli kuma a ƙarƙashin randar zaure yake barinsa, don kada ya faɗi a hanya.

"Wa ya sayar wa Alhaji tulunan nan shida?"

Kukan ya tsaya cak. Labbo ya share fuska, sannan ya ce wani dillali ne, Mu'azu, a Bunguɗu. Iyakar saninsa ke nan.

Sufeto ya kai wa Difi'o abin da ya samo. Difi'o ya ce mai faci ba shaida ba ne, mutum yana iya yin sata da asuba ya tafi Tsafe da safe, kuma ga mace ta gan shi da idonta. Gobe kotu, sai in an kawo masa wani ɓarawon da kaya a hannu.

Bayan azahar suka isa Bunguɗu. Rumfar Mu'azu tana bayan kasuwa, cike da tsofaffin akussa da tandu da takubban da tsatsa ta ci, irin kayan da magada ke zubarwa shi ya tsince ya sa musu tarihi. Mutum ne mai yawan fara'a, ya shimfiɗa wa Sufeto buzu, ya aika a kawo fura.

Ya ce Inna Yelwa gwaggonsa ce, ƙanwar ubansa. Da bakinta ta ce ya nemo mai saye, da hannunta ta sa wa cinikin albarka. Har ya ɗaga ido sama ya yi mata addu'a.

"To, an sace su," in ji Sufeto. "An cire musu wuya an bar wa Alhaji, an tafi da cikin."

Fara'ar ta ɗauke kamar an hure fitila.

"Tsaga su anka yi biyu, ko hwarhwasawa?"

"Ban ce an tsaga ba. Me ya sa ka tambaya?"

Tambayar Mu'azu ta mayar da Sufeto Zariya, ranar da ya sauka cikin kabarin mahaifinsa ana miƙo masa ɓarin tukwane yana jerawa a kan makwanci kafin a zuba ƙasa. Tulu ba ya rufe kabari da wuyansa. Sai an cire wuyan, an tsaga cikin gida biyu. Kuma ɓari yana shiga cikin ɓari, mutum ɗaya ya ɗauke a kwando abin da mota ce kaɗai za ta ɗauka da yana ɗungurungum.

"Kabarin wa za a rufe, Mu'azu?"

Fura ta iso ba wanda ya sha. Sufeto ya ce masa ko ya yi magana a nan kan buzunsa, ko ya yi ta a Gusau kan siminti. Mu'azu ya zaɓi buzu.

Inna Yelwa ta shekara fiye da hamsin tana gini. Tun tana da ƙarfinta, duk gashin da ya ba ta tulun da ya fi yi mata kyau sai ta ƙi kai shi kasuwa, ta ajiye a kuryar ɗaki, har suka kai shida. Kowa a Rawayya ya san na mene ne. Ta ce ta rufe kaburburan rabin garin da tukwanenta, ita ma da aikin hannunta za a rufe ta. Alhaji Attahiru ya gan su wata rana da ya zo neman tsofaffin kuloli, hankalinsa ya tashi. Ya yi ta zarya, tana ce masa ba na sayarwa ba ne.

Damina biyu da suka wuce ciwo ya kwantar da ita, idonta ya tafi. Sai Alhaji ya daina zuwa wajenta, ya koma wajen Mu'azu. Ranar da mutanen gida suka fita noma, aka tsayar da farar Fijo a ƙofar gida, aka shiga ɗakin aka kwashe su, tana kwance tana jin motsi tana tambayar ko wane ne.

Ba ta yi sati ba ta cika. Tsakiyar damina ce, ba mai gasa tukwane a damina, kuma garin kaf ba a sami na kirki da za a tsaga ba, don ita ce maginiyar. Da ɗanyun itatuwa aka rufe ta.

"Wa ta bari?"

"Ɗiya guda. Tana aure Wanke lokacin."

Sufeto bai tambayi sunan ba. Ya ce wa Saje Bala ya saka Mu'azu a bayan mota, su wuce Rawayya.

Limamin garin dattijo ne mai farin gemu, bai yi mamakin ganin 'yan sanda ba, bai kuma yi murna ba. Da kansa ya raka Sufeto maƙabarta, a bayan gari kusa da hanyar rijiya. Tun daga nesa ake gane kabarin, don ƙasarsa sabuwa ce, an yayyafa mata ruwa an lailaye.

Liman ya ce gara ce ta cinye itatuwan, damina ta gaba kabarin ya rufta. Mata masu zuwa ɗiban ruwa su suka fara gani, har da gefen likkafani. Aka cike da ƙasa aka ɗora ƙaya, amma duk ruwan da aka yi sai ya sake lotsawa. Shekaranjiya bayan la'asar sai ga ɗiyar marigayiya da jaki da kwanduna biyu, ta tsaya daga bakin hanya ta ce a taimake ta a gyara wa uwarta makwanci kafin ruwa ya sauka. Maza suka fito suka gyara.

"Ba ka tambaye ta inda ta samo su ba, Malam?"

"Mi za ni tambaya? Duk wanda yas sa hannu ya gane su. Munka jera, munka rufe, munka yi addu'a."

"Sunanta?"

Liman ya dube shi.

"Ka san shi, Sufeto. Huseina."

Sufeto ya kama hanyar komawa Gusau. Ransa a ɓace yake, kuma ya san da wa yake fushi, da Alhaji da Mu'azu ne, ba da matar ba. Da tulunan kaɗai ne a cikin maganar, da ya ce wa Difi'o bincike ya ci tura, ya koma ya sha shayinsa. Amma ta dubi ƙasa ta ɗora wa wani mutum laifi da bakinta, kuma gobe mutumin nan zai tsaya gaban alƙali.

Litinin da safe ya tarar da Alhaji a zaure ya sha babbar riga, yana shirin zuwa kotu ya ga an ɗaure direbansa. Daga cikin gida ana jin lugude. Sufeto ya ce a kira mai dakan.

Ta fito da gari a hannu, ta durƙusa inda ta durƙusa shekaranjiya.

"Kin ce ke mutuniyar Wanke ce."

"Can nay yi aure."

"A ina aka haife ki?"

Ta ɗago kai, wannan ne karo na farko da ya ga ƙwayar idonta. Ta leƙa waje ta hango Mu'azu a bayan Landiroba ya haɗa kai da gwiwa. Sai ta kakkaɓe hannuwanta, ta tashi tsaye, ba ta ƙara durƙusawa ba.

"Rawayya. Ɗakin da anka shiga anka yi ma makauniya sata, nan anka haihe ni. Ni ta, Sufeto. Ni nit tsaga su."

Alhaji ya miƙe ya ce wace ce wannan, me ya yi mata. Ita kuwa kamar shekara biyu take jiran tambayar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce bayan kabarin ya rufta ta zo wannan zauren da ƙafarta, ta zauna tun safe har rana ta take, tana roƙon a mayar mata ko da huɗu ne. Alhaji ya wuce ta zai shiga mota, ya ce a ba ta sadaka ta tafi, ko fuskarta bai duba ba. Shi ya sa da ta dawo neman aikatau bai gane ta ba. Wata da watanni tana daka masa tuwo, tana jin shi yana kai baƙi ɗakin yana ce musu tsohuwar ƙawarsa ce, kyauta ta ba shi.

Ranar Juma'a da gida ya zama nata, ta ɗauko makulli a ƙarƙashin randa. Ta san inda uwarta ke haɗa ƙasan tulu da samansa, don ita ke miƙa mata yumɓu tun tana yarinya, ko ɗaya bai ɓaci ba. Ta jera su cikin kwanduna ta rufe da dusa, ta kai tasha sahu biyu.

"Kin sami abin da kike so," in ji Sufeto. "Me ya dawo da ke gidan nan ranar Asabar?"

"In ga huskatai. Na gani kuwa. Wuyoyin na bar mishi su, ya riƙa kallo har ya mutu, ya san abin da yar rasa."

Alhaji ya juya kan Sufeto yana huci. Ya ce kayansa ne, ya saya, a je a tono su yau ɗin nan, ko ɓari ne yana so, akwai masu liƙa su a Kaduna. In sai da takardar alƙali, kafin azahar zai kawo ta.

"Tahi ka tono," Huseina ta ce. "Tana nan ƙarƙashinsu. Ka sake tambaya tata ko na sayarwa na."

Sufeto ya gaya wa Alhaji a hankali cewa Mu'azu ya riga ya ba da sitatimen, an rubuta bayaninsa, kuma ranar da aka tono tulunan nan, shaida za su zama a ƙara biyu, ta biyun kuwa sunan wanda ya karɓi kayan sata ne a samanta. Alhaji ya koma ya zauna. Bai sake maganar tono ba, amma ya nuna ta da yatsa ya ce ko gidansa zai sayar sai ya ga an ɗaure ta.

Ta ce ya daɗe bai sayar ba.

Ba a sa mata ankwa ba. Ta shiga ta ɗauko mayafinta, ta juye sauran garin a ƙwarya ta rufe da faifai, ta fito ta hau bayan mota ta zauna nesa da Mu'azu.

A caji ofis Difi'o ya saurari bayanin yana ɓata fuska, ya sa hannu a saki direban. Saje Bala ya buɗe sel, Labbo ya fito yana kare ido daga haske, rigarsa duk ta yamutse. A bakin kanta suka yi kiciɓis da Huseina.

Abu ɗaya ne ya rage wa Sufeto bai gane ba, ya kuwa tambaya.

"Alhaji ya cuce ki, Mu'azu ya cuce ki. Wannan fa? Bawan Allah mai 'ya'ya huɗu, da na yi sakaci yau da an ɗaure shi a kan maganarki."

"Da na so hakanan. Shekara nis so ya yi, ba kwana biyu ba. Tambaye shi wa yaɗ ɗauko su daga ɗakin."

Sufeto ya juya. Labbo bai musa ba. Ya tsaya da takalmi a hannu, idonsa a ƙasa, ya ce Alhaji a mota ya zauna, Mu'azu a bakin ƙofa ya tsaya gadi, shi aka tura ciki. Ɗaya-ɗaya ya fito da su, yana tsallake ƙafafun tsohuwar. A na ƙarshe ta lalubo ta kama bakin wandonsa.

"Tac ce, ɗana, ko wa kake, bar mani su, kayan tahiyata na. Nij janye ƙahwata. Nit tada mota."

Saje Bala, mai dariyar tuluna, ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a kan kanta.

"Shi ya sa ka ƙi gaya mini inda ka je," in ji Sufeto.

"Da nij ji wuyoyi anka bari, na san mai shi. Cewa nay yi in an ɗaure ni, wataƙila shi ke nan na biya."

Huseina ta dube shi daga sama har ƙasa. Sufeto ya zaci za ta zage shi, ko ta sassauto, amma ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ba ka biya ba," ta ce. "Tahi gida wurin ɗiyanka."

Wata 'yar sanda ta zo ta taɓa kafaɗarta. Huseina ta gyara mayafi ta bi ta zuwa sel ɗin mata, tana tafe a hankali, ba ta waiwayo ba. Labbo ya tsaya yana kallon bayanta har aka ja ƙofar ƙarfen aka sa sakata, sannan ya sunkuya ya sa takalminsa.